Gawon Gonar Inna Tasalla Bai Yi Laifi Ba

Zuwa ga mai girma Daraktan kamfanin waya, reshen Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, mai shagon buga waya a Bazaga. Ina farawa da godiya, domin tun da kuka kafa mini eriya mai kallon dogon ƙarfenku na Ƙonni, matan da mazansu suka tafi cin rani sun huta da hawan amalanke zuwa can don su ji muryarsu.

Kukana ɗaya ne, amma yana da rassa.

Na farko, ma'aikacinku ya zo da damina. Ya ga gawon gonar maƙwabciyata Inna Tasalla babu ganye, ya ce ai busasshe ne, ya saita eriyar ta tsakiyarsa. Ɗan birni ne, bai san gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo ba. Ana gama girbi maza suka tafi, gawo ya cika da ganye, magana ta fara tsinkewa. Na ga mace ta riƙe waya tana kuka, mijinta na can yana ta "alo".

Na biyu, duk ƙarar da na kai buronku, wato ofishinku, da rani, sai ruwa ya sauka ake turo mutum. Ya tarar rezo, wato layin waya, lafiya lau, ya dube ni kamar mai ƙarya. Wannan ya yi mini zafi.

Da na gaji, na sa mai walda ya ƙara wa sandar eriyar tsawo har ta haye kan itacen. Tun ranar magana tar take fita, alhamdu lillahi.

Sai ga takardarku makon jiya, wai shawararku ita ce a sare gawon. Ranka ya daɗe, da 'ya'yansa Inna take ciyar da awakinta har damina, mijinta marigayi ne kuma ya rene shi. Tun da aka karanta mata ba ta sake shigowa shagona ba, alhali ɗanta na Legas duk Juma'a yake kira.

Ina roƙo ku janye takardar a rubuce, in kai mata da hannuna kafin Juma'a. Ku kuma riƙa turo ma'aikatanku da rani.

Allah ya ƙara girma, ya tsare muku aikinku. Wassalam.

Mushe Abdu Ɗan Ladi, Bazaga.