Hoton Baba a Gadar Chalawa

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga Yayana Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali, da zaman Fatakwal. Allah ya ƙara ƙarfin jiki, ya tsare ku fita da shiga. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama da sauƙi, ko da yake ba ta soma fita ba, ƙanwarmu Hope kuma ta fara koyon ɗinki a Darmanawa.

Yaya, akwai maganar da nake so ka ji daga bakina. Ka tuna daminar Baba ta ƙarshe, lokacin da hankalinsa ya soma gushewa, kullum sai ya sa tsohuwar hularsa ta reluwe ya ce zai tafi aiki. Wata safiya da aka kwana ana ruwa na gaji da hana shi, na ɗauki adaidaita na kai shi gadar Chalawa. Hazo ya rufe kogin ruf. Mun ji jirgin ƙasa tun kafin mu gan shi. Da fitilarsa ta keto hazon sai Baba ya miƙe tsam, ya gyara hula, ya ɗaga masa hannu yadda ya saba shekara da shekaru, direban kuma ya danna masa oda. A nan na ɗauke shi hoto a waya. Na daɗe ban ga Baba ya san kansa kamar ranar ba.

Bayan rasuwarsa na kai wa Daniel hoton a shagonsa na Tarauni don ya wanke mana babba. Daniel fa, abokinka, wanda Baba ya riƙe a gidanmu kamar ɗan cikinsa har ya gama makaranta. Kwanan baya Rukayya, wadda muke koyarwa tare, ta nuna mini a wayarta cewa wata ƙungiya ta shirya gasar hotunan jiragen ƙasa, kuma Daniel ya zo na ɗaya. Hotona ne, Yaya. Satar ma ba ta ƙona mini rai kamar sunan da ya sa wa hoton ba: Mahaukacin Bakin Dogo. Har ya faɗa wa alƙalan gasar wai wani taɓaɓɓe ne ya tsinta yana yawo, bai san daga ina yake ba.

Da muka haɗu a coci har barka na yi masa. Ranar ba da kyauta na bar shi ya hau gaba, ya sha tafi, ya fara ba da labarin sanyin da ya ci kafin ya samu hoton. Sannan na tashi da hular Baba a hannuna, na faɗi cikakken sunansa da aikin da ya yi, na miƙa wa alƙalan wayata suka ga sauran hotunan safiyar, har da wanda Baba ya jingina a kafaɗata. A gaban matar Daniel suka karɓe kyautar. Ko ɗigon tausayinsa ban ji ba.

Ban kuma gama da shi ba. Duk mai shirin biki a cocinmu na bi shi gida na ba shi labari, tuni wasu suka nemi wani mai hoto. Fasto ya kira ni ya ce Kirista da gafara aka san shi. Na ce na ji, amma ba zan yafe ba sai Daniel ya tsaya gaban jama'a ya ce wannan mutumin shi ya ciyar da shi, ya kira shi Baba da bakinsa. Na san zai kira ka ya yi maka kuka. Don Allah kada ka roƙe ni, ba na so in ƙi maganarka.

Mama ba ta san komai ba, kada ka ɗago zancen in kun yi waya. Jiya ma ta sa na ƙara hannu a gwate, wai ko Daniel zai leƙo. Na zuba masa nasa a kwano, na rufe, da ta yi barcin rana na ba kaji.

Ka gaishe mini da Anti Rebecca da Stephen da jaririya. Mama da Hope suna gaishe ku ƙwarai.

Ni ce ƙanwarka,
Esther