Namijin Tantabarar da Ka Tafi da Shi Landan

Zuwa ga Ambrose, hasken idona, sanyin ƙirjina, ɗan kawuna tun kafin ka zama mijina, inuwar da nake fakewa a cikinta tun ina yarinya, mai taurin kan da babu kamarsa a duk faɗin yankinmu na Kent!

Ina gaishe ka gaisuwar wadda jira ya gajiyar. Kaka ta shigo, tuffa tana zuba a bayan gida babu mai tsinta, kai kuwa kana can Landan kana cusa auduga a cikin matattun tsuntsaye don masu hali su jera a gilashi. Haba Ambrose! Matattun tsuntsaye sun fi ni bukatar hannunka ne?

Agogon falo yana nan tsaye inda ka tsayar da shi ranar da 'yarmu Tabita ta cika. An yi jana'iza, an yaye baƙin ƙyallen da aka rufe madubi da shi, amma agogo bai tashi ba, domin mabuɗinsa yana aljihun kwat ɗinka. Kullum da la'asar, lokacin da ta saba fita tsakar gida tana kaɗa gwangwanin wake, ina jin ƙarar gwangwanin nan. Kada ka ce kunnena ne. Tantabarunka ma suna ji! Sai ka ga sun sauko gaba ɗaya, sun kewaye wurin da take tsayawa, sun bar fili a tsakiya daidai ƙafafun yarinya. Ni kaɗai nake kallon wannan abu, hannuna a bakina.

Ka tuna ranar da ka shigo da littafin nan na masanin halittu, wanda ya hana limaman coci barci? Ka zaunar da mu a ɗakin tantabaru, idonka yana ƙyalli kamar na yaron da aka ba alewa. Ka ce mai kumbura wuya, da mai baza wutsiya, da mai wuntsila a sama, duk daga tantabarar dutse guda suka fito, kuma haka rai yake yin rassa tun farkon duniya. Na ce, "To, ashe ba ni da kai kaɗai muka haɗa kaka ba." Ka yi dariya har ka zubar da shayi. Tabita ta ɗaga kai ta ce, "Baba, in duk 'yan'uwa ne, me ya sa suke faɗa a kan wake?" Wayyo Allah, ranar nan! Ina ma a ce a kanta ka tsayar da agogon.

Littafin bai sauya ba, masoyina, idon da kake karanta shi ne ya sauya. Da zazzaɓi ya ɗauke mana yarinya, sai ka daina ganin rassan, ka koma ganin waɗanda suka karye kawai. Duk mai kiwon tantabaru ya san in aka yi ta haɗa jini ɗaya, 'yan shila kan fito da rauni. Shi ne ka tsaya a bakin ƙofa ka ce mini, "Lettice, abin da ba zan yi wa tsuntsu ba, shi na yi wa 'yata." Daga nan ka shiga ka raba Toka da Madara, tantabarun da ita ta raɗa wa suna, wai don kakarsu ɗaya. Ka sa namijin a kwando, ka bar mini macen, ka kama hanyar jirgin ƙasa. Ka ɗauka ban gane ba? Ni ka ajiye a wancan akurkin.

To bari in tambaye ka, malamin tsuntsaye. Zazzaɓin da ya ɗauki Tabita ya ɗauki 'ya'yan mai injin niƙa biyu, shi kuwa matarsa daga can ƙetaren teku ya auro ta. Su wane jini ya kashe su? Ban ƙi littafinka ba, ko da limaminmu yana ta kumfar baki a kansa kowace Lahadi. Mai yiwuwa ma akwai gaskiya a tsoronka, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Amma na san abin da nake gani. Madara ta rame, gashin wuyanta ya zube, ba ta cin wake sai na buɗe bakinta. Tana zaune a sheƙa tana kira, kira mai gurnani, irin numfashin Tabita na ƙarshe. In na toshe kunne, sai in ji shi a cikin ƙirjina.

Ya ruwan da nake ƙishinsa, ya wutar murhuna a tsakiyar sanyi, yaya za a yi mutumin da ya san kowace jijiya a fiffiken tsuntsu ya kasa karanta fuskar matarsa? Ka dube ni ranar da za ka tafi, ba ka ga komai ba? Ambrose, ina da ciki. Ka tafi ka bar shi bai kai a faɗa ba, yanzu kuwa yana motsi, yana harbi kamar mai jin haushin ubansa. Mahaifiyarka ce ta fara ganewa. Ta ajiye kofi ta ce, "Ke kuma kin yi shiru? Rubuta wa sakaran nan, ko ni in je in jawo shi da kunne!" Ungozoma ta ce haihuwa sai wajen Kirsimeti.

Na san abin da zai faɗo maka a rai kana karanta wannan, domin ni ma ya faɗo mini. Ina tsoro, Allah shaida ina tsoro. Ina taɓa cikina ina tunanin ƙaramin akwatin gawar nan da ka ɗauka a hannu ɗaya. Amma tsoron namu ne mu biyu, jininmu ne, kamar yadda kake faɗa. Don me za ka bar mini shi ni kaɗai? In yaron nan mai ƙarfi ne, yana bukatar wanda zai koya masa sunayen tsuntsaye. In kuma mai rauni ne, wa zai riƙe ni?

Kada ka amsa mini da takarda, na san ka da iya tsara hujja. Ka hau rufin gidan da kake haya, ka buɗe kwandon nan. Toka bai karanta littafi ba, amma ya san hanyar gida. Zan zauna a tsakar gida ina kallon sama ta wajen Landan. Ranar da na ga ya sauka kusa da Madara, zan ɗora ruwan shayi, in san kana cikin jirgin da ke biye.

Ka taho da mabuɗin agogo. Ba na son ɗan nan ya buɗe ido a gidan da har yanzu lokacin mutuwar yayarsa ne.

Taka tun kafin ka san kana so, taka ko ka buɗe kwandon ko ba ka buɗe ba, har ranar da za a kwantar da ni kusa da Tabita,

Lettice