Sukurun Da Ke Rataye A Zaure

Al-Hamra,
9 ga Zulƙida, 1416.

Zuwa ga Yayana Hilal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa maka karatu da zaman Alƙahira. Mu nan kowa lafiya. Ciwon bayan Umma ya yi sauƙi har ta koma ɗinkin huluna. An gama barbarar dabino a gonar gangare, kuma akuyar nan mai kunne ɗaya ta haifi biyu. Ni ma na zo ta biyu a lissafi.

Yaya, na san Baffa Marhun ya riga ya rubuto maka cewa na lalata bindigar marigayi Baba, kuma wai gara ka yarda ya ajiye ta a gidansa. Don Allah kada ka ba shi amsa sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Mako biyar da suka wuce ya zo ya ce zai wanke ta saboda gasar harbin Babbar Sallah. Ka tuna yadda Baba yake yi: ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kowane sukuru a inda ya cire shi, kuma ba ya amsa ko sallama sai ya gama. Baffa kuwa a kan tabarmar zaure ya warwatsa ta, ya zuba sukurorin a kofin gahawa, baƙi suna shiga suna fita. Da yamma ya haɗa ta ya mayar bango. Ranar Juma'a bayan masallaci, mutum tara suna zaune, ya sauko da ita don a ga aikinsa, sai ƙarfen da ke kare kunamar bindigar ya saki, ya faɗo cikin farantin dabino, shi da sukurunsa. Ina bayan ƙofa riƙe da butar gahawa na ji shi yana cewa ai Zuwaina ce, ita ke share zauren, kuma tun da aka sa ta makaranta ba abin da take bari bai sha taɓawa ba, gobe ma rediyo za ta farke ta nemi mutumin da ke ciki. Suka yi dariya. Liman ma ya yi.

Ka san ni, ko a aji malama ta kira sunana sai muryata ta gudu. Na ajiye butar a bakin ƙofa, na tafi bayan gida na yi kuka. Amma da na gama, wani abu ya zauna mini a ƙirji wanda ban san ina da shi ba. Na yi alkawari tsakanina da Allah cewa mutanen nan tara sai sun ji gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai Baffa ya ji abin da na ji.

Washegari na ɗauki sukurun da ya faɗo na duba. Fari ne fes, yana ƙyalli, alhali duk sauran baƙaƙe ne don tsufa. Na tuna da kofin. Ka san idan baƙo ya shigo, mai zaure yakan ɗauraye kofi ya watsa ruwan ta taga. Na ari maganaɗisu wurin malamar kimiyya, na ɗaura masa zare, na yi ta jan sa a cikin taɓon da ke ƙarƙashin tagar, kaji suna kallona. Kwana biyu ina yi. Na tsinci ƙusa huɗu da maɓalli ɗaya, sannan sukurun Baba ya fito, baƙi, lafiya lau. Wato Baffa ne ya watsar da shi da hannunsa, ya tafi kanti ya sayo wani, ya cusa.

Kaka na fara kai wa sukurorin biyu. Ta juya su a tafin hannunta, ta ce Marhun tun yana rarrafe abin da ya taɓa ba ya ƙara moruwa, har agogon mahaifinsa ya taɓa wankewa da sabulu. Juma'ar da ta biyo muka naɗe bindigar a bargo, muka bi motar masu kai awaki kasuwar Nizwa, wurin tsoho Shamis maƙerin bindiga. Ya sa gilashi a ido ɗaya, ya leƙa ramin sukurun. Sannan ya tambaya wane jaki ne ya yi wannan aikin. Kaka ta ce ɗanta ne, ita ta haife shi, ya ci gaba da bayani. Ya ce to ta yi haƙuri, amma wannan sukurun ƙofar kabad ne. Ya ce bindigar ƙirar Ingila ce ta zamanin kakanni, haƙoran da ke cikin raminta da inci aka auna su, na kanti kuwa da milimita, ba za su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Da ya ƙi shiga sai aka kama shi da filaya aka murɗa da ƙarfin tsiya har ya cinye haƙoran. Ya nuna mana sawun filayar a kansa. Ya kalli hannuna, ya ce wannan hannun ko murfin kwalbar zuma sai an taya shi.

Na tsaya na ga gyaran duka. Ya ce haƙorin da ya tafi ba ya dawowa. Ya share ramin, ya ɗan faɗaɗa shi, ya dasa wani siririn ƙarfe mai rami a ciki, sannan ya ɗauko ƙarfen yanka haƙora da ya gada wurin mahaifinsa. Yana murɗawa kaɗan, ya koma baya, ya ɗiga mai, ya sake. Ya fi awa ɗaya a kan ramin da bai kai ƙwayar wake ba. Da ya gama ya miƙo mini sukurun Baba, ya ce ni na tsinto shi, ni zan mayar. Da yatsu biyu na murɗa, Yaya, ya shige sumul kamar bai taɓa fita ba. Sai da na juya baya don kada ya ga idona.

Yanzu bindigar tana cikin akwatin Kaka, mabuɗin yana wuyanta. A ƙusar da take rataye a da, na ɗaura farin sukurun Baffa da jan zare. Shawarata ce, Kaka ta sa hannu. Bangon fari ne, ba abin da ke jikinsa sai shi, don haka duk wanda ya shigo sai ya tambaya. Kaka kuwa ta ja kujerarta kusa da ƙofa, tana ba da labarin daga farko, har da jakin, har da kabad. Ina da sunayen mutanen nan tara a bayan littafin lissafina. Bakwai sun ji, na soke su. Saura liman da mai kantin da ya sayar da sukurun, shi kuma na tabbata ya sani, kunya ce ta hana shi zuwa.

Baffa yana zama a ƙarƙashinsa kowace Juma'a, don nan ne wurinsa, kuma tashi daga nan ya fi zaman muni. Ya roƙi Kaka ta cire, ta ce ba ita ta rataya ba. Shekaranjiya ya aiko mini da kwanon alewa mai za'afaran ta hannun Umma. Umma ta ce in yi haƙuri, ƙanin mahaifina ne, ba a son yarinya da riƙo. Na sani, kuma ina istigfari. Amma a gaban mutane ya faɗa, alewar kuma ta ƙofar baya ta shigo. Ban taɓa ta ba.

Abin da nake roƙonka biyu ne. Ka rubuta wa Baffa cewa bindigar taka ce, a gidan Baba za ta zauna. Kuma idan Allah Ya kawo ka Sallah, kai za ka harba ta a gasar, yana tsaye yana gani.

Kaka tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Umma tana gaishe ka, haka Gwaggo Shaikha da su Azza. Ka gaida abokin ɗakinka Talib. Idan Baffa ya tambaye ka yaushe zan cire sukurun, ka gaya masa ranar da ya faɗi gaskiya da bakinsa a zaure, ina bayan ƙofa da butar gahawa ina ji. Ran nan zan kwance shi da hannuna, in ci alewarsa.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Zuwaina bint Hamud