Gorar Rubutun Yaya Nana

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Tumba ta Ƙofar Marke.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ban taɓa yi maki ba kina raye, ina fatan wurin da kike ya fi ɗakinki sanyi da yalwa. Jikanki ne Bello, mijinki da kinka tafi kinka bari ba sallama, ba ko kuɗin cefane.

Na san ba ki karanta boko. Ni ma a waya na tsince shi, allo kaɗai na sani, don haka in kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri. Mutane za su karanta wasiƙar ga kafin ta iso ki. Ban damu ba, don ban taɓa ganin kin rage murya saboda baƙi sun shigo ba.

Gida lafiya lau. Akuyarki ta haifi biyu, kuma har yanzu ita ka cinye mani sabulu. Carbinki mai baƙin dutse yana wurina. Wanga karo ba ɓoye shi na yi bayan randa ba don ki biya ni da goro, a rabo anka ba ni.

Labarin Yaya Nana na kawo maki, da na gorar nan mai jan murfi. Akwai abin da ya faru bayanki, kuma tunda ke kinka ƙulla shi, ya kamata ki ji yadda ya warware.

Ke kinka riƙe mu ni da ita bayan rasuwar Inna. Ni na tsaya a allo na kama ɗinki, ita ta bi boko har ta kai karatun likita. Da kuɗin makaranta sunka fi ƙarfin gidanmu, kinka ɗauki gonarki ta fadama a Wamakko, wadda kinka gada wurin mahaifinki, kinka jinginar wa wani Alhaji mai sayen shinkafa. Shi zai yi ta nomanta har ranar da anka mayar mashi da kuɗinsa. Da Yaya ta yi kuka, abin da kinka ce mata shi ne, “Gona ba ta gudu. Ki tafi ki yi karatu, ki bar jiƙa mani tabarma.”

Gona ba ta gudu ba, gaskiya ne. Amma duk kaka in motar Alhaji ta wuce da buhuna, nakan ga kin juya fuska kina gyaran kallabin da bai kwance ba.

Yaya ta gama, ta auri Malam Bashar, ta tare a gidansu na Ƙofar Taramniya kusa da uwarsa, Hajiya Kulu. Mu mun ɗauka an gama karatu ke nan. Ashe likita ba ya gamawa. Sai aikin sabbin likitoci, sai bautar ƙasa, sai kuma ta ce za ta shiga karatun ƙwarewa a ɓangaren mata da haihuwa, mai jarrabawa bisa jarrabawa, kowace da kuɗinta da tafiyarta. Albashin kuwa kashi biyu take yi mashi, ɗaya na jarrabawa, ɗaya ta tara na fansar gona. Ranakun da take kwana asibiti sun kusa fin na gida.

Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, ba ciki. Matan unguwa sunka fara. Ba zagi suke ba, tausayi suke, wanda ya fi zagi nauyi. A gidan suna sai a miƙa mata jariri a ce, “Riƙe, likita, ko Allah ya sa ki shafi albarka. Kullum kina karɓar na mutane.”

Ke da kanki kinka gaya mani yadda kinka gano. Ana shirin wani biki, kinka kama damtsenta za ki ɗaura mata lalle, sai yatsanki ya ji wani ɗan abu ƙarƙashin fata, irin wanda mata ka kira ashana, na jinkirta haihuwa. Kinka gama ɗaurin tukuna. Sannan kinka tambaye ta ko mijinta ya sani. Ta ce tare sunka yanke, sai ta haye babbar jarrabawa kuma gona ta dawo. Kinka tambaya ko uwarsa ta sani. Ta ce a’a.

Washegari kinka aiko a kira ni daga shago. Na zo ina cewa ko amarya ta yi kewar ango ne. Kinka ce in zauna in rufe baki. Kinka ajiye gora gabana, kinka ce duk Alhamis in rubuta allo in wanke in cika ta. Na ce na neman haihuwa? Kinka ce, “Na karatu, ja’iri. Irin wanda Malam ka ba ku in hadda ta ƙi zama. Bakinka kuma ka ɗinke shi, tunda ɗinki kaɗai ka iya.”

Haka munka fara. Ni da allo da tawada ranar Alhamis, ke da gora ranar Juma’a. Ki yafa babban mayafinki, ki hau agwagwa da buje, babur mai ƙafa uku, har Ƙofar Taramniya, ki sauka tun bakin titi don kowa ya gan ki, ki bi lungun a hankali da gora a hannu, ba ki ko sa ta a leda. Ki gaida Hajiya Kulu, ki ajiye, ki ce, “Ga na Nana.”

Ba ki taɓa cewa na mene ne ba, ba a kuma taɓa tambayarki ba. A garin ga in tsohuwa ta kai wa matar aure marar goyo rubutu duk mako, kowa ya san dalili. Kuma kowa ya san ba a matsa wa wadda ke kan neman magani. Maganganu sunka lafa. A gidan suna anka daina miƙa mata jarirai, sai dai a bi ta da addu’a. Yaya ta sha rubutunta, ta ci jarrabawar farko.

Ni da na sa maki ƙadangaren roba cikin kwandon goro, ni da na kira ki a waya da muryar tsoho na ce ina neman aurenki har kinka tambayi shanu nawa gare ni, na ɗauka ni ne gwanin gidanmu. Ashe ɗan koyo nake.

Sai kinka tafi, cikin zafin bazara, bayan jinya gajera. Yaya ce ta sa maki ruwa da hannunta, ita ce kuma ta fito ta gaya mana. Ba ki ga gona ta dawo ba, ba ki ga ɗiyanta ba. Ban faɗi wannan don in tayar maki da hankali ba, lissafin yadda abin ya tsaya ne kawai.

Bayan sadakar arba’in, ina kan keke ina haɗa wata riga, sai ga Hajiya Kulu a ƙofar shago da gorar a hannu. Ba ta taɓa zuwa ba. Na ba ta kujera. Ta ce tunda Allah ya ɗauke ki, ita za ta ci gaba, kada a yanke wa yarinya magani a tsakiya. Ta kwance bakin zane ta fiddo sadaka. Sannan ta ce tun ranar da ta fara ganinki da gorar ga take azumin Litinin da Alhamis saboda Nana, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce ta yi wa ragonta kuɗi, za ta kai ta wurin wani mai magani can bayan Wamakko. Ta ce, “Yarinyar kirki ce, Bello. Ba na son ta riƙa jin kunyar idona.”

Uwargida, wanga ɓangare ba ki koya mani shi ba. Kin koya mani yadda ake rufe bakin masu surutu. Ba ki ce mani akwai wadda za ta bar cin abinci ba. Matar da ke da ciwon suga, Yaya ce ma ka auna ta.

Na karɓi gorar, na ce ta bar sadakar tukuna. Da ta tafi na rufe shago na nufi asibiti.

Na iske Yaya ta fito ɗakin tiyata, tana zaune bisa benci tana cin ƙosai mai sanyi cikin takarda. Na ce likita, na kawo maki marar lafiya, gora ce, ta rasa mai ɗaukarta. Ba ta yi dariya ba. Na ba ta labari har ƙarshe. Abin da ta ce ina riƙe da shi: “Ina son ɗiya, Bello, kada ka ɗauka ba na so. Na fi kowa sanin abin da jira ka yi wa mace, kullum ina gaya wa wasu. Amma in na haihu yanzu, ko goyo ya sha wuya ko karatu ya tsaya, gonar Kaka kuma ta ƙara shekaru hannun mutane.” Ta naɗe takardar ƙosan. Ta ce in Hajiya ta ji ta ce a cire, Bashar ba zai iya musa wa uwarsa ba, ita kuma ba za ta raba ɗa da uwa saboda jarrabawa ba. Sannan ta ce, “Amma ba za ta ƙara yin azumi ko ɗaya a kaina ba.”

Ranar Juma’a ita da mijinta sunka shiga ɗakin Hajiya Kulu. Ban shiga ba, ba wurina ba ne. Malam Bashar ya ba ni labari daga baya. Ya ce Yaya ta durƙusa ta faɗi komai, har ta naɗe hannun riga ta nuna wurin. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi ɗanta ko da saninsa, ya ce da saninsa. Ta tambaya ko ke kin sani. Anka ce kin sani. Sai ta ce, “Tumba ta zauna bisa tabarmata tana cin gorona, tana kallona ina ramewa.” Ta ce su tashi su ba ta wuri.

A nan zan tsaya maki, ko da yake ba ki cancanta ba. Ba ki san da azumin ba. Na gaya wa Malam Bashar ya faɗa mata haka. Ya ce ba yanzu ba.

Kwanaki sunka shuɗe Hajiya Kulu ba ta karɓar gaisuwar Yaya sai da ka. Abincin da anka kai mata ya dawo yadda ya tafi. Yaya ta daina buɗe littafi, ga jarrabawa ta matso. Ta ce mani ta fara tunanin zuwa a cire abin ta huta. Ni kuwa gora na nan bisa kanta a shago, babu komai ciki, har wani ya tambaye ni ko ta man keke ce.

Wata Alhamis da hantsi sai ga Hajiya Kulu. Ba ta zauna ba. Ta dubi gorar, ta dube ni, ta ce, “Kai jikan Tumba, me kake rubutawa cikin abin ga tun farko?” Na ce na kaifin hadda ne da buɗin ƙwaƙwalwa. Ta ce ya yi aiki? Na ce ta dai ci ta farko, sai dai ban sani ba ko rubutuna ne ko rashin barcinta. Ta ce in bar mata iya shege. Ta tambaya in an faɗi jarrabawar ga me ka faruwa. Na ce a sake biya, a sake jira. Ta juya zoben hannunta. Sannan ta ajiye sadakar nan da na ƙi karɓa, ta ce, “To ka cika tawada. Sau ɗaya nake son ta zauna ta. Ni ba ni da shekarun da za a yi ta maimaitawa.”

Yanzu ita ka ɗaukar gora ranar Juma’a, daga shagona zuwa gida. Sai dai ba irin tafiyarki take ba. Ke shiru kike yi ki bar mutane da zatonsu. Ita duk wadda ta tare ta da fuskar tausayi sai ta ce, “Na jarrabawa ne. Haihuwa sai ta gama, mun yi magana.” Ƙofar Taramniya kaf ta ji, shi ya sa Yaya ta ce in rubuta abina, babu sauran abin ɓoyo. Ragon ma ba a sayar ba. Hajiya Kulu ta ce a bar shi ya yi ƙiba, akwai ranarsa.

Har yanzu ba ta ambaci sunanki da daɗi ba. Amma ranar nan ta ce in nuna mata inda kike, ta aiki Malam Bashar ya yayyafa ruwa.

Jarrabawa saura kaɗan. Kuɗin gona an haye rabi, Alhaji ya ce yana nan bisa alkawari, bana dai shi zai sake girbe ta. Abin da zai zo bayan haka ba wanda ya sani, ita kanta likitar ta ce ba a hannunta yake ba. Ranar da anka fanshe ta zan je Wamakko in ɗebo ƙasarta cikin gorar ga in kawo maki. Ranar da anka yanka ragon kuwa, in mace ce, kin san sunan da za a raɗa, kuma ina gaya maki tun yanzu na yi sabuwar amarya, kada ki ce ban sanar da ke ba.

Alhamis ta fi mani wuya, Kaka. In na wanke allo nakan ɗaga kai in ce a kai maki, sai in tuna.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe maki wayonki da nawa, ya karɓi azumin Hajiya Kulu a inda ya fi mata amfani. Allah ya haskaka kabarinki, ya ba ki gonar da ba a jinginarwa. Ya ba Yaya Nana sa’a, ya ba ta goyo a lokacin da zai zame mata alheri. Amin.

Naki, wanda bai sake ki ba,
Bello.