Zaren Awon Ƙafarki

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma alhamdulillahi, sai ɗan kumburin ƙafa, ba abin damuwa ba ne.

Kin ce bana ma zuwan naki sai yadda hali ya yi. Allah ya nufa. In kin tashi, kada ki taho da takalmi mai tsini. Hanyoyin tsohon garin nan duwatsu ne masu sulɓi, ga matakala ko'ina. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ake so, kuma da yamma ake gwada shi, bayan ƙafa ta buɗe.

Kwanakin baya na so in rage miki wahala, sai na kai wa baduku zaren da na auna ƙafarki da shi ranar da na baro gida, don ya ɗinka miki. Ya miƙe shi a tafin hannunsa, ya ce, "Baba, jikarka ce za ta zo?" Na ce 'yata ce. Ya ce, "Ai wannan ƙafar 'yar shekara bakwai ce." Na yi dariya don kada ya ji kunya.

Takalmin da na saya don in zagaya da ke shekararsa uku a ƙarƙashin gado. Jiya na gwada, ya ƙi shiga. Yanzu iyakata bakin ƙofa, nan ma da sanda.

Ki auna ƙafarki da sabon zare, ki aiko mini a ambulan. Ko ba ki zo ba, in ga girman da kika yi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki