Ƙananan Memorinku Lafiya Lau, Manyan Ne Ke Sa A Zarge Ni

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kawo mana memori daga Gusau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Nasiru, ni ne mai rumfar caji da tura karatu da waƙoƙi a waya a bakin kasuwar Tsafe. Na fito da wannan takarda fili ne don in na faɗa da baki, cewa za a yi wasa nake. Kowa ya san ni da tsokana, kuma ban daina ba.

Ga yadda abin yake. Kakana Alhaji Mamman, mai sayar da hatsi, da amininsa Alhaji Sani na Bungudu, dillalin shanu, su ne suka haɗa jari suke sarin memorinku, ni kuma nake sayarwa. Yanzu kaka ta yi, tsoho yana son su ƙara jari, Alhaji Sani yana son ya zare nasa ya koma sayen raguna. In ya zare, rumfata ta koma caji kaɗai. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za su yanke magana, kuma sun ce in zo in ba da shaida.

Na ɗaya, godiya. Ƙananan memorinku ba su taɓa ba ni kunya ba. Makiyayan wajen Bilbis sukan cika su da wa'azi su shiga daji da shanu, su dawo bayan damina komai yana nan. Na kakana kuwa an wanke shi a aljihun riga, an kai rigar wajen bugu, aka fito da shi ya ci gaba da karatu. Tun daga ranar, in aka kushe kayanku sai tsohon ya tashi da faɗa kamar an zagi gonarsa. Wanda har yau bai san inda ake sa memori a waya ba!

Na biyu, ƙorafi. Manyan da kuka fara kawowa kafin azumi suna da ciwo. Malam Idi na Furfuri ya sayi ɗaya, na cika masa da tafsiri tun daga Baƙara har Nasi. Ya tafi Rawayya wajen surukansa, aka shimfiɗa tabarmi, aka tara mutane, ya kunna. Sunayen karatun duk suna nan a jere, amma ko tari babu. Washegari ya iso rumfata ko sallama bai ƙarasa ba, ya kama kunnena a gaban masu caji. Hujjarsa ita ce ni ne na taɓa sa masa kukan jaki a matsayin ƙarar kira. To, wancan ni ne, kuma har gobe in na tuna sai na yi dariya. Amma wallahi ba na wasa da karatun Alƙur'ani. Allon da na wanke a gaban malamina bai koya mini haka ba. Bayan Malam Idi wasu ma sun dawo da nasu, kowa da ya shigo sai ya ce aikin Nasiru ne.

Na uku, abin da ya sa gardamar dattawan ta ƙi ƙarewa. In kaya suka iso, sukan zauna a zaure a sa sura ɗaya a memori, a kunna, su saurara, su ce madalla. Da sura ɗaya kowane memori lafiya yake. Na gwada da kaina a rumfa: sai an loda wa babban memori kaya ya wuce rabi sannan yake fara haɗiye abin da aka zuba masa. Kakana yana rantsuwa da ƙarami, Alhaji Sani yana nuna babba, kowa da gaskiyarsa, har shayi ya huce ba wanda ya saurari wani.

Don haka ina roƙon abu uku. Ku karɓi manyan da suka rage a hannunmu ku musanya mana da ƙanana. Ku cika kowane sabon kaya dam ku gwada kafin ya bar Gusau. Sannan ku turo mutum ko saƙon murya kafin Juma'a, wanda zai faɗa da bakinsa cewa ciwon daga wajenku yake, don Malam Idi ya ji.

Ranka ya daɗe, ba na son rabuwa da ku. Da kayanku na yi rufin kwano a rumfa, da su nake cefane. Abin da zan faɗa ranar Juma'a shi ne a ƙara jari a ƙanana, a dakata da manya. In amsarku ta iso, Alhaji Sani zai bar jarinsa. In ba ta iso ba, ba ni da bakin da zan riƙe shi, don ni ma ba zan sake miƙa wa kowa babban memori da hannuna ba.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka, ya kare motocinku a hanya, ya ba ka ikon gyarawa.

Wassalam.

Naka,
Nasiru mai caji, Tsafe.