Azarar Ɗakin Inna

Zuwa ga ƙanena Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya ƙafar taka? Ni dai ga ni, alhamdu lillahi, sai abin da ka sani: shekara da shekaru aikenka nake gani, ba na jin muryarka.

An gama sauya rufi, ruwa ya daina zuba a kaina. Tarkacen kuwa yana jibge a ƙofar gida, tsohon kwano da ƙasar soro da azarar ɗakin Inna. Ranar Talata sai ga tifar da ka sa aka ɗauko haya daga Kwangila. Direban ya ce, "Baba, wannan bolar za mu kwashe?" Wai bola! Azarar da ni da kai muka ɗauko a kafaɗa, Inna tana yi mana dariya. Na ce ya juya da motarsa.

Yanzu tarkacen ya toshe kwata, maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai unguwa, ko majalisa ba mai kirana. Na ce musu kayan mutum biyu ne, ba zan zubar ni kaɗai ba.

Ka gai da kowa, ku sa ni a addu'a. Amma ba tifa nake jira ba, Sale. Ka buɗe baki ka ce mini a zubar ko a bari. Kafin nan, ko tsinke ba mai taɓawa.

Yayanka,
Garba, Tudun Wada